Darasin da Na Koya a Ciwon Zuciyar Mahaifina

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, yau ba nahawu ko fiƙihu na zo muku da shi ba. Labarin wani kuskure ne da na tafka da hannuna, ina fatan kada wani ya maimaita shi.

Mahaifina ya daɗe da hawan jini. Sai ga shi ƙafafunsa sun fara kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Masallacin ƙofar gida ma sai ya tsaya ya huta kafin ya isa. Da dare ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, don in ya miƙe sai numfashi ya sarƙe. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce hannu aka sa masa. Da muka je asibiti, likita ya ce zuciyarsa ce ta raunana, ba ta iya tura jini yadda jiki ke bukata. Aka rubuta masa magani kala huɗu.

Cikin sati biyu kumburi ya saɓe. To, a nan ne na yi wauta. Na lura ƙwaya ɗaya ce ake ganin aikinta, wato furosemide, mai sa yawan fitsari. Ga kuɗi sun yi wuya. Sai na ce, "Baba, mu riƙe wannan, sauran ukun a bar su tukuna." Ya ce, "Kai ka yi karatu, yadda ka gani." Ba a yi wata uku ba muka koma da shi cikin dare, ana sa masa iska a hanci.

Da gari ya waye likita ya zaunar da ni, ya ce, "Malam, waɗanda ka ajiye su ne masu tsare zuciyar." Ga abin da na fahimta daga bayaninsa.

A jikin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da ake kira homon, aikinsu kai saƙo ta cikin jini daga wata gaɓa zuwa wata. Idan zuciya ta raunana, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu. Ita kuwa ƙoda sai ta ɗauka jini ne ya zuba, kamar an ji rauni. Sai ta saki sinadarin renin, shi kuma ya jawo samuwar anjiyotensin, wanda ke matse hanyoyin jini. Anjiyotensin ya tashi aldosteron daga wasu 'yan ƙulluka da ke saman ƙoda, shi kuma ya hana gishiri da ruwa fita daga jiki. A gefe guda adirenalin da ɗan'uwansa suna ta zaburar zuciya ta ƙara sauri.

Ga wanda jininsa ya zuba, wannan tsari rahama ne, shi ke riƙe ransa. Amma ga mai raunin zuciya, tamkar jaki ne ya gaji a kan hanya, aka ƙara masa mangala, aka kuma bi shi da bulala. Ruwa ya taru a ƙafa da huhu, zuciya ta buɗe ta ƙara laushi, ƙoda ta sake aika saƙo. Haka abin zai yi ta zagayawa.

Furosemide ruwan kawai yake kwashewa. Sauran ukun su ne ke tare saƙon. Lisinopril yana rage samuwar anjiyotensin. Carvedilol yana sauke bulalar adirenalin, shi ya sa ake fara shi kaɗan-kaɗan. Spironolactone kuma yana toshe aikin aldosteron. Wani babban bincike da aka fitar a 1999 ya nuna cewa ƙara spironolactone ga masu tsananin ciwon ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100. Daga 2019 kuma an tabbatar da cewa dapagliflozin, wanda asalinsa maganin ciwon suga ne, yana taimakon masu wannan ciwo ko ba su da suga. Wani abin mamaki, captopril, na farko da aka fara sha a dangin lisinopril, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Brazil aka kai gare shi. Ikon Allah ke nan.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kaɗan. Kada a tsayar da magani don an ji sauƙi. In kuɗi ne matsalar, a gaya wa likita, shi ya san abin da za a iya sauyawa. A rage gishiri da dunƙule da kanwa a abincin mara lafiya. Iyayenmu mata su kula da kunun kanwa na jego, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan raunin zuciya ga masu jego. Kada a sayo masa maganin ciwon jiki irin ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna riƙe ruwa. In nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a koma asibiti. Mai ciki ba ta shan lisinopril, don yana cutar da ɗan tayi. Batun azumi kuwa, a tambayi likita tun cikin Sha'aban, domin shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Ku ɗalibai, kuna iya karatun boko da na ajami. Ku rubuta wa kakanninku lokutan shan magani da rubutun da suka iya karantawa, ku liƙa a bango. Ni haka na yi wa Baba, da ajami. Yanzu, alhamdu lillahi, yana zuwa sallar asuba da ƙafarsa, a hankali, da sandarsa. Har yau bai taɓa tuna mini da wancan dare ba, ni ne dai ban manta ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yafe mana kurakuranmu. Wassalamu alaikum.