Wuya ya karkace bayan shimiyo: kafin mu ce iska ce

Jama'ar Jiratawa, Tibiri da cikin garin Maradi: Akwai wata magana da ta daɗe tana cin mu a rai.

Mun sani, kafin mai ciwon daji ya samu shimiyo an sha wuya. Wasu sai an kai su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, an sayar da akuya ko buhun hatsi. To, ga shi ya dawo gida, kwana ɗaya ko biyu sai wuyansa ya murɗe gefe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, ko ya kasa zama wuri ɗaya, sai kai da kawo. Mu nan mun san fassarar da za a yi: iska ce, ko sammu. A kawo turare, a nemo mai magani, ranar komawa likita ta wuce.

Alhali sau da yawa maganin hana amai ne ya jawo, wanda ake haɗawa da shimiyo, musamman metoclopramide, wanda muka fi sani da Primpéran. Yana taɓa sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin jiki, kuma ya fi kama matasa. Shi ya sa tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a sha shi fiye da kwana 5 a jere. Wannan murɗewar, in an kai mutum da wuri, a tsayar da maganin, a yi masa allura, galibi tana saki. Amai kuwa yana da wasu magungunan.

Akwai wani kuma mai zuwa a hankali. Magungunan shimiyo irin su vincristine da cisplatine suna cin jijiyoyin hannu da ƙafa. Mace ta kasa tsinkar zogale, takalmi ya fice daga ƙafarta ba ta ji ba, sai a ce ragwanci ne. Haba! Wannan in an yi shiru yana iya zama, in an faɗa da wuri likita na iya rage magani ko ya canza shi.

Don haka mu masu jinya, mu riƙa ajiye kwalin kowane magani da takardar likita. Da mun ga motsin da ba mu saba gani ba, mu kwashe su duka mu kai CSI mafi kusa, mu faɗi ranar da abin ya fara da abin da aka sha kafin nan.