Akwatin Babanmu

Bayan rasuwar babanmu, mun buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe a gidanmu na Unguwar Rimi, muna tsammanin takardun fili. Sai ga koɗaɗɗiyar rigar ƙwallo, da usur, da ɗan kofi mai tsatsa, da hoton samari goma sha ɗaya a tsaye ba takalmi. Ƙungiyar unguwa ce, ba wanda ya taɓa biyansu ko kobo.

Muka ce tarkace ne. Mama ta ce, "A'a, 'ya'yana, ƙuruciyar babanku ke nan. Ku nemo sunayen abokansa tun da sauran masu tunawa."

Daga nan muka soma tara irin waɗannan kayayyaki. Mun zaga Kawo da Malali, mun tona tulin gwanjo a Kasuwar Barci. Sunayen manya ba su da wuyar samu. Kowa ya san Rashidi Yekini ya tashi daga ƙungiyar masaƙar UNTL, har ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na fari a gasar duniya a 1994. Kowa ya san Ranchers Bees, inda Daniel Amokachi ya yi wasa, ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1988. Amma samarin filin ƙura fa, wa ya rubuta nasu?

A Tudun Wada aka nuna mana wani tsohon tela, shi ne mai tsaron gida a hoton. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ko ka gane waɗannan?" Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya kira su ɗaya ɗaya, Kirista da Musulmi, yana share hawaye. Ya ce tun rikicin 2000, da wasunsu suka ƙaura hayin kogi, bai sake ganinsu ba. Bai ma ji mutuwar babanmu ba. Kunya ta kama mu, gama ba mu aika masa ba.

Mun rubuta sunayen a bayan hoton, mun wanke masa wani. Biyu daga cikinsu suna da rai a hayin kogi, mun kuwa yi alkawari za mu kai shi.

Mai karatu, akwai irin wannan akwati a gidanku? Ka buɗe shi yau, kafin gara ta riga ka, ka kuma tambayi tsofaffi tun suna nan.