Fitila da jar takarda

Shekarata tara ina wuce unguwar Schaerbeek a kan hanyar aiki, ban taɓa sanin akwai maƙabarta a bayan ginin talabijin ɗin nan na Brussels ba. 'Yata ce ta kai ni. Malaminsu na tarihi ya ba su aiki, ita kuma ta ce ba za ta je ita kaɗai ba.

Wurin ƙarami ne, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Da can filin koyon harbi ne, sai Jamusawa suka mayar da shi wurin harbe mutane a yaƙin duniya na farko da na biyu. A nan aka harbe Gabrielle Petit a 1916, wadda mutum-mutuminta ke tsaye a tsakiyar gari. Kaburbura jere, yawanci da gicciye, nan da can kuma tauraron Yahudawa.

Wanda aka ba ta ta yi rubutu a kansa shi ne Youra Livchitz, matashin likita Bayahude. Daren 19 ga Afrilu 1943, shi da abokansa biyu, Robert Maistriau da Jean Franklemon, suka hau kekuna zuwa kusa da Boortmeerbeek. Jirgin ƙasa ya taso daga Mechelen da Yahudawa sama da 1,600, za a kai su Auschwitz. Kayan yaƙin samarin nan kaf: ƙaramar bindiga ɗaya, filaya, da fitila da suka naɗe da jar takarda. Direba ya hango ja, ya taka birki. Maistriau ya ɓalle ƙofar tarago guda, mutum 17 suka dire suka shige duhu. Daga baya aka kama Livchitz, aka harbe shi a wannan fili a Fabrairun 1944.

Ni dai gaskiya ba na ɗokin gumakan ƙasar nan. Duk ran da na ga na Sarki Leopold bisa dokinsa, Kongo ke faɗo mini, raina ya ɓaci. Amma a nan bakina ya mutu.

Muna fitowa ta ce, "Baba, da kai ne, za ka buɗe ƙofar?"

Na so in ce ƙwarai kuwa. Sai na tuna wata safiya a tashar jirgi, lokacin takarduna ba su daɗe da fitowa ba. Aka tsare wani yaro ana tambayarsa shaida, yana ta kame-kame da Faransanci, ina jin Hausa ƙarara a harshensa. Tafinta kawai yake bukata. Muka haɗa ido. Wallahi sai na sunkuyar da kai ina latsa waya, na wuce. Babu mai bindiga a kaina, ba abin da za a yi mini. Tsoro ne kawai irin na baƙo.

Ban taɓa gaya wa mahaifiyarta wannan ba. Ita na gaya wa, a tsaye a bakin titi muna jiran taram. Ba ta ce uffan ba. Can ta tambaye ni ko na san garin da yaron ya fito. Na ce daga jin maganarsa, Damagaram.