Zuwa ga ƙanena a Bankok

Da fatan karatu yana tafiya daidai. Hajiya na gaishe ka. Ban gaya mata zancen damben ba tukuna.

Ba zan hana ka koyon Muay Thai ba. Wanda ke zaune a garin da filin damben Rajadamnern yake tun 1945, Lumpinee kuma tun 1956, ai a bakin rijiya yake. Kuma da ciwon sukarin da ke bin gidanmu, gumin zai yi maka rana.

Sai dai kada hotunan Facebook su zaɓa maka malami. Ka je ka zauna a gefe ka yi kallo. Gidan kirki zai daɗe da kai a kan tsayuwa, da tsallen igiya, da dukan buhu. Gwanayen ƙasar ma in suna gwaji da juna a hankali suke taɓawa, har da dariya, domin suna tattalin jiki saboda ranar gasa. In ka ga an haɗa ɗan koyo da gwani ana narkar kansa da sunan koya masa jarumta, ɗauki takalminka. Sannan ka lura da tsofaffin gidan: yaya tafiyarsu, yaya maganarsu?

Ƙauri zai kumbura ya sace. Gwiwa da ƙugu kan jira sai an manyanta su kawo ƙara, to wannan da sauƙi. Bugun kai ne abin tsorona. Kowane naushi yana girgiza ƙwaƙwalwa cikin ƙoƙonta, hular kariya kuwa fata take tsarewa, ba ta hana girgizar. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke tangaɗi da sarƙewar harshe. Ka tuna rawar hannun Muhammad Ali; yana ɗan shekara 42 aka gano cutar Parkinson a jikinsa, likitoci da dama kuma na danganta ta da dukan da ya sha. A can Tailan, a 2018, yaro ɗan shekara 13 ya rasu bayan an buge shi a fage.

Saboda haka ka yi horo, ban da gasa, ban da ƙin shan ruwa don rage nauyi, ƙoda ba ta yafewa. Ka sayi robar haƙori. In ka ji jiri ko amai bayan bugu, asibiti kai tsaye, kuma ka bincika ko inshorar makarantarku ta haɗa da raunin wasa.

Hajiya kuwa, kai za ka faɗa mata da bakinka ranar Juma'a in ka kira.

Naka,
Yaya