Yaron da Ya Riƙe Min Shanu

Mahaifina yana da wani bara da muke kira Baba. Ya fi shekara ashirin a gandunmu a Kunci, babu takarda, babu albashin wata. Mahaifina ne ya yi masa aure, ya yanka masa gayauna, ragon sunan ɗansa na fari ma a turkenmu aka kwance shi. Ranar da aka kai mahaifina makwanci, Baba ne ya sauka cikin kabari ya karɓe shi.

Da gona ta dawo hannuna, na ɗauki wani saurayi ya riƙe min shanun huɗa. Yaro mai hannu: idan ya ja kunya, kai ka ce igiya aka miƙa. Tun asuba yake zuba wa shanun harawa, a gidanmu yake shan fura. Shekara huɗu muna haka.

Sai 2023 ta shigo da canjin kuɗi, tsaba ta yi ɓatan dabo. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, taki da kuɗin mota suka tashi. Nan na koyi lissafi a waya, har da furar yaron na sa a ciki. Da kaka, maimakon damin gero da mahaifina kan ce a ɗauka ba ƙirge, sai na auna masa da tiya, ina share baki da tafin hannu. Ya tsaya yana kallon hannun nawa, bai ce uffan ba.

Da rani mahaifiyarsa ta kwanta. Ya zo da magariba, ya durƙusa a zaure, yana neman rancen kai ta asibiti a Bichi. Na ce ban sayar da hatsi ba. Gaskiya ne, amma irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni: rumbu cike yake, jira nake farashi ya ɗaga a kasuwar Dawanau.

Damina ta faɗi, ya yi min huɗa. Ana tsakiyar noman fari, ciyawa ta kamo gero a wuya, sai aka ce an gan shi a gonar wani mai biyan jinga a take.

Na je majalisa ina ta kumfar baki, wai yaran yanzu ba amana, waya da babur kawai suka sani. Baba, wanda yanzu sai da sanda, ya bari na gama.

"Ɗan nan," ya ce, "kai ka mai da shi ɗan ƙodago. Shi kuwa ya karɓa."

Har yau yaron yakan yi min aiki in na kira shi. Yakan gaishe ni da ladabi, ranka ya daɗe, ya iyali. Amma kafin ya sauke fartanya daga kafaɗa sai ya tambayi nawa ne.