Kawuna Da Aikin Sa Kai A Difa

Ranar da kawuna ya tara mu a zaurensa da ke Abbaganaram, cikin Maiduguri, ya ce zai tafi Jumhuriyar Nijar ya koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira kyauta, ni ne na fara buɗe baki na ce bai kamata ba. Ƙarshen daminar 2015 ke nan. Shekarunsa 63, ga hawan jini, ya kuwa shekara bakwai da yin ritaya bayan ya yi shekara 35 yana malanta har ya kai hedimasta. Ni kuwa ban daɗe da karɓo difilomata ta aikin jarida ba, ina ji da kaina kamar babu abin da ya shige mini duhu.

Mai karatu, kada ka ɗauka ba ni da hujja. A watan Nuwamba na 2014 ne 'yan Boko Haram suka kama Damasak, a Janairu na 2015 kuma suka auka wa Baga, dubban jama'a suka haye kogin Komadugu Yobe suka fake a jihar Difa. Can ɗin ma ba a tsira ba, gama a watan Fabrairu an kai hari Boso da Difa kanta, har hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur. Miƙaƙƙiyar hanya ta Gubio ba mai bin ta, sai an zaga ta Damaturu da Gaidam, a ɓulla Maine Sorowa.

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Aikin sa kai a ƙasar waje ai na Turawa ne, masu ƙungiya a bayansu. In ciwonka ya tashi, wa zai kai ka asibiti? In kuwa koyarwa kake so, ga sansanin Bakasi, ga Dalori, duk a bakin ƙofa."

Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗan jarida, a nan malaman da aka koro daga ƙananan hukumomi sun yi yawa, allo suke nema. A can kuwa makaranta da Faransanci ake yin ta. Yaron da ya kai aji huɗu a Damasak, in ya shekara uku a haka, ya rasa nan ya rasa can. A Damasak na fara aiki. Jikokin ɗalibaina ne."

Daga nan sai ya shiga ba mu labarin da ban taɓa jin ya bayar ba. Ya ce a kwalejin horon malamai wani saurayi Bature ne ya koya masa lissafi, wanda ƙungiyar VSO ta Ingila, wadda aka kafa a 1958, ta aiko, yana yawo da keke da tsohon takalmi. Ya ce a 1978, da shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo Ikko, ya ji labarin tsohuwarsa, Lillian, wadda a 1966, tana da shekara 68, ta shiga ƙungiyar sa kai ta Peace Corps ta tafi Indiya jinyar marasa lafiya, har da kutare. A 1987 kuma, da gwamnatin Janar Babangida ta kafa shirin aika ƙwararrun Nijeriya su yi shekara biyu suna aiki a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, har ya yi niyyar neman shiga, sai ya dubi 'ya'yansa ƙanana ya fasa. Ya ce, "Da ina da ƙarfi, ba ni da sarari. Yanzu ga sarari, ƙarfi kuma bai ƙare duka ba. Sai yaushe?"

Ya tafi da jaka ɗaya, da alli, da maganin wata uku.

Da bazara ta yi, sai saƙo ya zo cewa ya yanke jiki ya faɗi, magani kuwa ya ƙare. Aka ce tun da ni ne mai baki, ni zan kai masa. Na tafi da niyyar in taso shi gaba mu dawo. Na same shi a wata rumfar zana kusa da kwalta, inda 'yan gudun hijira suka jera bukkoki a gefen babbar hanya, ya rame, yana zaune a kan kujera domin tsayuwa ta gagare shi, yara fiye da sittin suna maimaita jadawalin bakwai. Allon kuwa murfin wani akwati ne da aka shafa wa baƙi.

Kwana biyar na yi, a cikinsu na ga abin da ban lissafa ba a zaure. Akwai samari ma'aikatan agaji da ke zuwa da mota, masu ilmi da ƙoƙari, amma iyaye maza ba su cika ba su 'ya'yansu mata ba, sai su ce to, su juya. Kawu kuwa bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma tare da magidanta. Ba ya ma tada zancen makaranta. Su yi ta hirar gonakin tattasai da suka bari a bakin kogi, da Barbarci, yana tambayar wane ɗan wane ne, har wani ya gane cewa wannan ne malamin da ya zane ubansa a kan makara. Kashegari sai ka ga 'yan mata uku sun ƙaru. Furfurar nan da na ce ita ce dalilin zamansa a gida, ita ce takardar shaidarsa. Ba ya kuma sauri, domin ba shi da rahoton da zai aika wa kowa a ƙarshen wata. Wata yarinya da ta yi wata biyu ba ta magana, tun daga abin da ta gani a hanya, ya bar ta tana zama kusa da shi tana riƙe masa alli, bai taɓa tambayarta kome ba.

Duk da haka ba zan ce na yi kuskure ɗungum ba. Inna, matarsa, ita ta biya kuɗin wannan tafiya. Ita ta riƙe gida shekara biyu da ɗan fensho, ita ke kwana da rediyo a kunne duk lokacin da aka ce an kai hari a Difa, ba kuwa wanda ya nemi shawararta kafin a tara mu a zaure. Masu yabon tsofaffi 'yan sa kai ba su cika tunawa da wanda aka bari a gida ba. Ya dawo a 2017 ne domin ta aika masa cewa ta gaji, ya kuwa san gaskiya ta faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne nawa laifin. A ofishinmu, in baƙo ya zo daga Turai ya raba littattafai, mukan ba shi shafi da hoto. Na shekara goma ina wannan aiki, sai yau na rubuta labarin kawuna. Kullum kuwa ina wuce tsofaffin malamai da malaman asibiti a majalisa, suna zaune a kan benci tun hantsi, ba wanda ya taɓa tambayarsu ko akwai saura.

Ran 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwarmu, muka fita da Kawu da Inna ba tare da kome ba. Da muka koma kwashe laka, abin da ya fara nema shi ne rajistar yaransa ta Difa. Mun same ta a ƙarƙashin gado, shafuka sun manne, tawada ta narke. Ya shanya ta kwana biyu, ba ta karantu ba. Sai ya ce in sayo masa sabon littafi, in zauna in rubuta, shi zai riƙa faɗa. Mun kai suna 41 a daren nan kafin barci ya ɗauke shi.