Gombe: Daga Filin Burmi Zuwa Bakin Alƙalami

Matafiyin da ya taso daga Bauchi ya nufi gabas, idan ya ƙetare kogin Gongola a Dindima ya ci gaba da tafiya, to, bayan kusan mil ɗari daga inda ya taso zai iso Tumfure. Daga nan hanya take fara gangarawa, sai ya hango birnin Gombe shimfiɗe cikin kwari, duwatsu sun tsaya masa daga gabas. Gari ne na kasuwa da noma, mai unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Pantami da Herwagana da Tudun Wada. A kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi mutum zai ji Hausa da Fillanci da Teranci da Tangalanci da Bolanci da Barbarci duk cikin yini guda.

Amma baƙon da ya san tarihi kaɗan zai yi mamakin abu ɗaya. Masarautar Gombe tsohuwa ce, domin Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun farkon jihadin 1804. To, me ya sa birnin da fadar take ciki bai daɗe da cika shekara ɗari ba? Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna wa mai karatu inda Gombe ta tsaya cikin dogon yaƙin da baƙar fata ya yi, yake kuma yi, don ƙwato mutuncinsa daga masu raina shi saboda launin jikinsa.

Yaƙin Burmi

Ran 15 ga watan Maris 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai yarda ya zauna ƙarƙashin mulkinsu ba, sai ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Duk inda ya ratsa, talakawa da malamai da 'ya'yan sarauta sukan bar gonakinsu da gidajensu su bi shi, har abin ya tsorata Turawa, don sun ga ƙasar da suka ci tana neman zama kango. Cikin waɗanda suka haɗu da shi har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da kuma Alfa Hashimu, ɗaya daga manyan jama'ar Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka koro daga yamma.

Tafiyar ta kawo su ƙasar Gombe, wajen Dutsen Bima da garin Burmi, wanda yake arewa da birnin Gombe na yau, kusa da Bajoga da Ashaka. Burmi kuwa gari ne da ya riga ya yi suna wajen taurin kai tun zamanin Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai Lokoja. A watan Mayu 1903 rundunar Turawa ta fara tinkarar garin, mutanen ciki suka kore ta. Ran 27 ga watan Yuli suka komo da ƙarin soja da manyan bindigogi, aka wuni ana gwabzawa. Sarkin Musulmi ya faɗi tare da mutane fiye da 600, Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa shi ma kibiya ta kashe shi, aka kuma rushe garin. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau.

Rahotannin da Turawa suka aika gida sun kira waɗannan mutane masu tsattsauran ra'ayi, marasa hankali da suka faɗa wa bindiga da takobi. Ba su rubuta cewa mutane ne da suka auna zama cikin ƙasƙanci da barin ƙasar haihuwa suka zaɓi na biyu ba. Tutar Sarkin Musulmi ma ganima aka ɗauke ta, ba a mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku ba sai a 1960, shekarar samun mulkin kai.

Garin da aka auna da igiya

Bayan an gama da Burmi sai aka shiga juya masarautar yadda ta dace da bukatar sababbin masu mulki. A 1913 aka ɗauke fada daga Gombe Abba, inda kabarin Buba Yero yake, aka kai ta Nafada. A 1919, zamanin Sarki Umaru, aka sake ɗauko ta zuwa Doma, don ta fi kusa da ƙasashen Tangale da Waja waɗanda Turawa suke so su sa wa ido. Wannan shi ne birnin Gombe na yanzu. Auduga da gyaɗa suka ciyar da shi gaba, jirgin ƙasa ya iso shi a 1963, ya kuma zama babban birnin jiha ran 1 ga watan Oktoba 1996.

Garin da aka kafa a wancan lokaci kuwa an kafa shi ne bisa ƙa'idar zamaninsa. Dokar tsara garuruwa ta 1917, wadda aka yi zamanin Gwamna Lugga, ta raba mazaunin Bature da na ɗan ƙasa, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, babu gini tsakaninsu. Hujjar da aka bayar ita ce tsoron sauro da zazzaɓi, sai dai kuku da boyi da mai ba doki ciyawa suna kwana a bayan gidan Baturen, sauron bai hana ba. Haka aka zauna har 1947, lokacin da wani otal a Ikko mai suna Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki don baƙi ne, alhali kuwa babban ma'aikaci ne da ofishin mulkin mallaka na London ya aiko. Jama'a suka yi ca, har Gwamna Richards ya hana nuna bambancin launi a otal-otal da asibitoci. Unguwannin da aka keɓe wa Turawa suka koma unguwannin manyan ma'aikatan gwamnati, su ne ake kira GRA. Wanda ya zaga GRA ta Gombe ya ga faɗin filayenta, sa'an nan ya shiga lungunan cikin gari, zai gane cewa wariyar launin fata ba labarin Afirka ta Kudu da Amurka kaɗai ba ne. An taɓa auna ta da igiya a ƙasar nan.

Wa ke ba da labarin?

Akwai wata wariyar da ta fi ta gini daɗewa, ita ce ta cikin littafi. Kudu da Gombe, a kan hanyar Yola, akwai Billiri da Kaltungo, ƙasar Tangale. A 1917 masu wa'azin mishan na SIM suka sauka Kaltungo. Ba mai musun cewa sun kawo makaranta da asibiti, sun kuma rubuta harshen Tangale. Amma ɗaya daga cikinsu, John Hall, da ya tashi ba mutanen ƙasarsu labarin aikinsa, sai ya sa wa littafinsa sunan da ke nuna wai ya tarar da mutane masu cin naman mutum ne ya fid da su zuwa haske. Da irin wannan suna aka gabatar da al'umma guda ga duniya, al'ummar da ke da sarautarta da dokokinta da waƙoƙinta tun kafin a san Bature a wurin.

Amsar ta fito daga Kaltungo ɗin. A can aka haifi Helon Habila a 1967. Ya yi karatu a Jami'ar Jos, ya yi aikin jarida a Ikko, a 2001 ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka, littafinsa Waiting for an Angel kuma ya fito a 2002. Amma wanda ya fi shafar wannan magana shi ne Measuring Time na 2007. Labari ne na wasu tagwaye a wani ƙauye da marubucin ya ƙago ya kira Keti. Ɗaya ya tafi yaƙe-yaƙen ƙasashen Afirka, ɗayan, Mamo, ciwon sikila ya tsare shi a gida. Mamo ya ci karo da tarihin mutanensa wanda wani Baturen mishan ya rubuta, ya ga yadda aka siffanta kakanninsa, sai ya ɗauki alƙalami ya mayar da martani. Da fada ta ji labarinsa ta kira shi ya rubuta tarihin sarauta, nan ya gamu da jarrabawa ta biyu, domin shi burinsa ya rubuta rayuwar talakawa ne, fada kuwa yabo take so.

A 2019 Habila ya fitar da Travelers, wanda ya bi sawun 'yan Afirka masu neman mafaka a Turai, waɗanda jaridun can ba su cika ambatonsu ba sai da lissafin adadin da suka nitse a teku. Shi kuwa ya ba kowannensu suna da sana'a da iyali da dalilin barin gida. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da aka kasa karewa da takobi a Burmi, watau ikon mutum ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa, shi ne ɗan wannan ƙasa ya koma nema da rubutu.

Zamanin FESTAC

Tsakanin waɗannan zamuna biyu akwai lokacin da Nijeriya gaba ɗaya ta ɗauki wannan yaƙi a matsayin nata. Gombe tana cikin sabuwar Jihar Bauchi a 1976, shekarar da Janar Murtala Muhammed ya tsaya a Addis Ababa ya gaya wa manyan ƙasashe cewa Afirka ta kai munzilin yanke wa kanta shawara, shekarar kuma da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto ran 16 ga watan Yuni. Gwamnati ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da wani abu daga albashinsu, 'yan makaranta suka tara kwabbansu. A fagen waƙa, Abubakar Ladan Zariya ya yi wa Hausawa Waƙar Haɗa Kan Al'ummar Afirka, Sonny Okosun kuma ya yi tasa a kan wutar Soweto.

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 aka yi bikin FESTAC a Ikko, inda baƙar fata daga ƙasashe fiye da 50 suka taru da kiɗansu da zanensu da wasanninsu, har da Miriam Makeba da Stevie Wonder. Rabon Arewa a bikin shi ne babban hawan daba da aka yi a Kaduna. Baƙaƙen Amurka da na tsibiran Karibiyan, waɗanda aka koya musu a makaranta cewa kakanninsu ba su da tarihi, suka ga dawaki da lifidi da sulke da algaita da kakaki, irin waɗanda mutanen Gombe suke gani a ƙofar fada duk ranar hawan Salla. Alamar bikin kuwa fuskar hauren giwa ce ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda sojan Ingila suka kwashe a 1897. Gidan tarihi na London ya ƙi ba da aronta, dole sai da masassaƙan Nijeriya suka sassaƙa wata.

Laifi tudu ne

Duk da haka, wanda zai ba da labarin Gombe da gaskiya ba zai tsaya kan Turawa kaɗai ba, domin laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Kafin zuwan Bature, mahayan masarautu sun sha kai hari kan mutanen duwatsun kudu suna kamo bayi, kuma wannan ne ya sa wasu ƙabilu suka daɗe bisa duwatsu. Kalmomin raini da aka gada daga wancan zamani ba su mutu duka ba. Har yanzu akan tono asalin bauta idan maganar aure ta taso, akan kuma kira maƙwabci da sunan da shi bai kira kansa da shi ba. Mai jin zafin abin da aka yi wa George Floyd a Amurka a 2020, in ya juya ya raina ɗan Tula ko ɗan Waja, ko kuwa ɗan kudu ya raina Bafillacen daji, to, ma'aunin da Bature ya auna shi da shi ne ya ɗauka yana auna ɗan'uwansa. Haka kuma man bilicin da ake sayarwa a kasuwanninmu shaida ne cewa rainin baƙar fata ya sami wurin zama a cikin gida.

Gombe tana da abin da za ta yi maganin wannan da shi. Tana da jami'ar jiha tun 2004, da ta tarayya a Kashere tun 2011, kuma kowace tana da ɗalibai daga duk ƙabilun jihar. Tsofaffin da suka ji labarin Burmi daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, haka ma masu riƙe da waƙoƙin noma da na farauta na Tera da Tangale da Bolewa. In ba a bi su ƙauye ƙauye an ɗauki muryoyinsu an rubuta cikin harsunansu ba, nan gaba mai neman tarihin Gombe zai koma ga rahoton Razdan da littafin ɗan mishan, don su kaɗai za su rage.

Filin Burmi yana nan arewa da birnin, ba nisan da zai hana zuwa da komowa cikin yini guda. Kabarin Sarkin Musulmi Attahiru yana wurin, na Manjo Marsh ma yana wurin, gonaki sun kewaye su. Ya kamata hukumomin ilmi na jihar su mai da kai 'yan makaranta wannan wuri al'ada, 'ya'yan Dukku da na Kaltungo cikin mota ɗaya, a nuna musu kaburburan biyu, a ba kowane yaro takarda ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa a gida.